Ƙwallon Kurna a Takalmin Hagu

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga Kurfi, daga hannun mahaifinka Idi, wanda mutanen gari suka ƙara ma sunan Tsokana ba tare da sun yanka ko kaza ba, zuwa ga Mai-sunan-Malam a Funtuwa.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa motar Malam Bala ta sauke ka lafiya, ka iske kawunka da iyalinsa lafiya. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin ƙarfe, da sharrin abokin banza, da sharrin buhu. Kada ka yi dariya da na ƙarshen nan, don shi ya sa na jiƙa tawada.

Labarin gida ba ni ba ka. Kowa yana nan yadda ka bar shi, akuyar nan ma tana nan tana cin abin da ba nata ba.

Ka san kai ne ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da kai ba. Duk garin nan ba wanda ban zolaya ba, har liman na taɓa ɓoye ma buta, amma kai in ka shigo zaure sai in kama gyaran hula kamar surukina ya zo. An yi mani aure gemuna bai fito ba, shi ya sa in muna tsaye baƙo ke ɗauka wa ne da ƙane. Sai mun fara tafiya yake gane kurensa, ya ɗauka jika ne da kakansa. Ban kai arba'in ba, amma in zan tashi daga zaune sai na yi irin na raƙumi, kashi-kashi, da gurnani. Tun da ka ce dako za ka yi a tashar jirgin ƙasa, buhun gyaɗa da dilar auduga, dole in gaya maka yadda aka yi na zama haka. Bakina ya kasa, bari alƙalami ya gwada, shi ba ya jin kunyar kowa.

Kana rarrafe lokacin. Kakar gyaɗa ce, muna loda buhuna a mota a kasuwar Dutsin-Ma. An jingina katako, kowa ya saɓa buhu ɗaya ya hau da shi, kamar yadda masu hankali ke yi. Ga masu fura daga rugagen Dabawa sun jeru gindin itacen bedi suna kallo. Sai taubashina Tanko maƙeri, wanda Allah ya halitta don ya jarraba ni, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Idi, wai jakin Alhaji biyu yake ɗauka, kai ɗaya. Ashe ya girme ka."

Na ce, "Jakin nan ƙanena ne, ni na koya mashi. Ku aza mani biyu."

Wani dattijo cikin 'yan dako ya ce, "Yaro, ƙyale wannan, baya ba a saye shi a kasuwa." Na ce, "Baba, matsa kada inuwata ta kada ka."

Aka aza. Na hau katakon nan ina juya wuya in ga ko masu fura na kallo. Ina kai tsakiya na ji wani abu a ƙuguna ya ce ƙas, kamar an karya karan dawa. Wallahi sai da na ga garin ya yi kore. Amma na kai buhunan, na sauko ina murmushi. Tanko ya ce, "Mi ya yi ƙara?" Na ce mazagin wandona ne. Aka yi ta dariya, ni ma na yi, ina riƙe da bodin mota don kada in zube. Da na waiga gindin bedi, ashe masu furar sun daɗe da juya baya, ciniki suke da wani mai goro. Ba wadda ta gani. Kada ka gaya ma mahaifiyarka wannan wurin, ita ta san dai na ɗauki kaya.

Tau ka ji na farko. Buhu ɗaya ake ɗauka. Ka tsuguna, ka jawo shi jikinka, ka tashi da ƙafafunka, kada ka duƙa mashi kamar mai gaida hakimi ka fizgo shi da ƙugu. In yana saman wuyanka kada ka murɗa jiki don kallon kowa. Duk wanda ya ce maka wane ya fi ka ƙarfi, ka ce Allah ya ƙara mashi. Ranar da ka kwanta, masu yi maka kirari za su koma wurin wani, kai kau kai da tabarma.

Na yi kwanaki ina tafiya a karkace, na ce ma mutane sabon salo ne daga Kano. Wanzami ya zo ya kafa mani ƙaho, aka gasa da ruwan zafi, aka shafa man kaɗanya, ciwon ya ɗan lafa. Maimakon in huta sai na koma dako, don kada a ce jakin Alhaji ya ci gari.

Daga nan sai baƙuwa ta zo. Ka san minjirya, irin wadda ke kama ƙafa in mutum ya daɗe a tanƙwashe gaban allo, ya miƙe ya ji kamar tururuwa na yawo cikin fata. Ta kowa takan tafi in ya buga ƙafa a ƙasa. Tawa ta zo da kayanta. Daga ƙugu take tasowa, ta bi bayan cinya kamar an ja zaren wuta, ta sauka a tafin ƙafar hagu. Ina bugawa, ina bugawa, har maƙwabta suka ɗauka rawa nake koyo. Sannu a hankali tururuwar ta watse, sai shiru. Tafin ƙafar ya zama kamar na aro. In na taka ƙasa sai in ji kamar na taka tsumma.

Wata rana na taso daga Dutsin-Ma da ƙafa. Na yi nisa ƙwarai sai na haɗu da wani Bafillace da shanunsa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kaɗo, ɗaya takalmin sai kasuwa mai zuwa za ka saya?" Na duba, ashe na hagu ya tsinke ya zauna can baya, ni kau ina ta taka tsakuwa da ƙaya ban sani ba. Na ce mashi, "Ai hutu na ba shi, gobe na dama zai huta." Ya yi dariya ya wuce. Ni ban yi ba. Na zauna gindin wata tsamiya ina cire ƙaya daga naman da ba ya ce mani komi.

Bari in gaya maka abin da na ji ma tsoro, don ina zaton kai ma ka san shi. A ƙasarmu in mutum ya ce ba ya jin ƙafarsa, ba a tuna baya, ba a tuna buhu. Ciwo ɗaya ake tunawa, kuturta. Nan da nan a ware maka ƙwarya, a riƙa miƙo maka hannu daga nesa, a fara ba matarka shawara. Saboda haka na rufe bakina. Wanda bai iya riƙe sirrin kowa ba, ga shi ya riƙe wanda ya kamata ya faɗa.

Na biyu ke nan. Minjiryar da ta kwana ta wuni ba baƙuwa ba ce, aike ne daga baya. Ka faɗa tun tana tururuwa, kada ka jira ta yi shiru. Ko da ma ciwon da ake tsoro ne, yanzu ana ba da maganinsa a asibiti, kuma waɗanda Allah ya jarraba da shi mutane ne kamar kowa. Ɓoyo bai taɓa warkar da ko ƙurji ba.

Na uku shi ne wanda har yau in na tuna sai in rufe fuska. Ranar kasuwa ina tsaye a maƙerar Tanko muna zuba surutu, ba takalmi, don na ba da shi gyara. Wani tsoho da ya kawo fartanya ya ɗaga hanci ya ce, "Tanko, wa ke babbakar ganda nan kusa?" Tanko ya shaƙa ya ce, "Ni ma na ji, kuma ba a kawo mana ba." Muka yi ta waige-waige har da ni, yawuna ya tsinke. Sai tsohon ya nuna ƙasa ya yi salati. Garwashi ne na taka, hayaƙi na fita ta tsakanin yatsuna. Gandar ni ce.

Mai hankali da sai ya fashe da kuka. Ni sai na ga idanu sun yi mani caa, na ga tambayar da ke bayan idanun, sai na ɗaga ƙafar a hankali na kakkaɓe na ce, "Asiri ne. Wani malami ya ba ni, daga gabas. Wuta ba ta ci na."

Kafin la'asar labari ya gama kasuwa. Kasuwa ta gaba aka taru, wai sai na sake. Na sake. Har da kirari na yi ma kaina, wani maroƙi ya kama. Wani mahauci ya bi ni har bakin gari yana roƙon in sam mashi layar. Tanko kaɗai ya tsaya yana kallona, ya ce, "In asiri ne, taka da ta dama mu gani." Na ce malamin ya ce ta dama sai baɗi.

Wuta kau ta ci ni, ba ta dai gaya mani ba ne. Tafin ya tashi, ya fashe, ya kama ruwa, ƙafa ta kumbura ta yi kamar tulu. Ƙuda suka san gidanmu. Ina ɗaure ta da tsumma ina ce ma mahaifiyarka tuntuɓe ne.

Ka riƙe wannan: wasa yana da daɗi, ni ba zan hana ka ba, da shi na ci abinci a gidajen da ba a gayyace ni ba. Amma kada ka yi wasa da ciwonka don mutane su yi dariya su manta da tambaya. Su za su tafi gida da dariyar, kai ka tafi da ƙafar.

Da abin ya fi ƙarfin tsumma, sai na tuna Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina da ke aure a Dutsin-Ma, tana da wani man ƙuna da take haɗawa. Na tare wani mai jaki da ke kai itace can na ce, "Don Allah ka ce ma Gwaggo Hajo ƙafar Idi ta mutu, ta aiko da man nan." Shi bai shiga gidan ba, ya faɗa ma wata mai ƙosai a ƙofa. Mai ƙosai ta faɗa ma maƙwabciya ta kan danga. Tsakanin Kurfi da ɗakin Gwaggo ƙafar ta faɗi a hanya, man ma ya zube. Idi da mutu kaɗai suka isa.

Washegari da hantsi ina zaure, na miƙe ƙafa, ina cin ɗanwake, sai na ji salati na tasowa daga bakin gari. Na ce Allah sarki, wa aka rasa kuma? Salati ya yi ta matsowa har ƙofarmu. Gwaggo ce gaba, mata na biye da ƙwaryar gumbar sadaka, Tanko, da labarin ya iske a can Dutsin-Ma, a baya ya ja jaki, da farin ƙyalle a naɗe a hammata, idonsa ja wur. Na ɗago da loma a hannu na ce, "Sannunku da zuwa. Wa ya rasu?"

Ban taɓa sanin tsofaffi na da gudu haka ba. Wata ta bar zanenta na lulluɓi a kan danga. Gwaggo kaɗai ba ta motsa ba. Ta dube ni, ta dubi ɗanwake, ta tuɓe takalminta.

"Ɗan nema! Har da mutuwa? Har da mutuwa, Idi? Na kwana ina kuka, na daka gero da hannun nan mai ciwo!"

"Gwaggo, wallahi ƙafa na ce!"

"Ƙafar uwaka! Yau sai ka mutun gaske, tun da mun riga mun zo!"

Tanko ya tsuguna ya dafe kai ya ce, "Ni abin da ya dame ni, jiya a gaban jama'a na shaide ka da halin kirki. Yanzu ta ina zan bi in janye?"

Gwaggo na cikin duka tsumman ya warware. Ta ga ƙafar. Takalmin ya faɗi daga hannunta. Ta sa yatsa ta danna gefen ciwon tana kallon fuskata, ta ga ko gezau. Ta ce, "Tanko, aza shi." Jakin da ya kawo likkafanina shi ya kai ni asibitin Dutsin-Ma, da ƙyallen aka naɗe ƙafar. Gumbar kau a hanya muka cinye ta ni da Tanko. Ba kowa ke samun cin sadakar mutuwarsa ba, kuma ta yi daɗi, Gwaggo ba ta yi rowar zuma ba.

Malamin asibiti ya wanke ciwon, ya ce in rufe ido, zai taɓa ni da allura, in na ji in faɗa. Na rufe. Can na ce, "Na ji!" Ya ce, "Malam Idi, ban ma ɗauko allurar ba tukuna." Gwaggo ta ce, "Soka mashi a baki, can ne ciwon yake."

Ya tuɓe ni ya duba fatata a rana, gaba da baya, yana shafa auduga. Sannan ya kwantar da ni ya ɗaga ƙafar a miƙe. Zaren wutar nan ya taso daga ƙugu, na yi ƙarar da ta tada jakin a waje. Ya ce, "Ba abin da kake tsoro ba ne. Bayanka ne ya danne jijiyar da ke kai ji ga ƙafa. Ka taɓa ɗaukar kayan da ya fi ka?" Tanko ya kama kallon rufin ɗaki. Malamin ya ce da na zo tun tana minjirya, na bar dako, na kwanta bisa abu mai tauri, da ana sa ran jin ya dawo. Yanzu ƙuna za ta warke, saura kuma sai abin da Allah ya yi.

Ƙuna ta warke. Ji bai dawo ba. Da shekaru suka tafi sanyin ƙashi ya zo ya tare a gwiwoyi da yatsu, ya iske baya ya riga ya share mashi ɗaki. Yanzu kafin hadari ya haɗu gwiwata ta sani, mata har aikowa suke su tambaye ni ko su shanya gero. Salla a zaune nake yin rabinta. Takalmin hagu da igiya nake ɗaure shi a dunduniya kamar ɗan akuya, don kada ya sake tafiya hutu. Kullum bayan la'asar mahaifiyarka sai ta ɗaga tafin nan ta duba ko na kwaso ƙaya, tana yi tana mita. In za ka yi aure, nemi wadda za ta iya wannan. Masu fura na gindin bedi ba su zo ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɓata tawada haka.

Da kakar bana na gan ka ka haɗa damin dawa biyu a ka, lokacin da 'yan matan unguwar gabas ke dawowa daga rijiya. Na san wannan tafiyar, ni na ƙirƙiro ta. Bayan nan na gan ka kana dafe ƙugu in ka ɗauka ba mai kallo. Na gan ka bakin rijiya kana buga ƙafar hagu a ƙasa, ba kiɗa ba biki. Na ce ma mahaifiyarka ta tambaye ka, ta ce ita da ɗan fari, ai tata kunyar ta fi tawa, in tambaye ka da kaina. Na zo zaure zan yi magana, ka shigo ka gaishe ni, na ji bakina ya ce, "An ba akuya ruwa?"

Da na ga magana ta ƙi, sai na koma ga sana'ata. Ranar tafiyarka, da ka shiga masallaci ka bar sabon kambas ɗinka a ƙofa, na jefa ƙwallon kurna cikin na hagu, na tura shi can inda tafi ke zama. Wannan ne karo na farko da na taɓa zolayarka tun da aka haife ka. Na koma na laɓe jikin durumi ina jira ka sa, ka yi tsalle, ka zagi yaran unguwa, ni kuma in tafi gida in yi barci mai daɗi.

Ka fito ka sa. Ka saɓa akwatinka. Ka bi ta gaban 'yan matan nan da suka fito rakiya, ƙirji a gaba, har ka hau mota. Ba ka ɗingisa ba, ba ka tsaya ba.

Na san yanzu ka daɗe da ganinsa, don kowa na tuɓe takalmi in zai yi alwala. Abin da nake son sani ɗaya ne: ƙafarka ce ta gaya maka, ko idonka? In ka ji shi ka daure don ana kallo, ka gaji ciwona na farko, kuma wannan takarda ta ishe shi magani in kana da kunne. In kau ba ka ji ba sam, ka gaji na biyu, shi kuma ba ya jin wa'azi.

Ba sai ka rubuto ba, na san kai ma kunyar kake ji. In ƙafarka ta ji, ba Malam Bala ƙwallon ya kawo mani, zan gane. In ba ta ji ba, kada ka taɓa buhun kowa, kawo shi da kanka. Zan ari jakin Tanko mu tafi Dutsin-Ma tare, kai bisa ni ƙasa. Kada kuma ka aiko da saƙon baki. Gwaggo ta tsufa, ta ce ba ta ƙara daka ma gidanmu gumba sai ta ga gawa da idonta.

Allah ya tsare bayanka da gabanka. Allah ya bar maka jin zafi a inda ya kamata a ji shi. Allah ya ba ka halal mai sauƙin ɗauka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya maido ka gida bisa ƙafafunka biyu, kowace da takalminta. Mahaifiyarka ba ta ce a gaishe ka ba, amma tun da na fara rubutun nan take sharar ƙofar zaure, wurin da ba datti.

Ina bakin tasha duk ranar da motar Malam Bala za ta shigo. Wassalam.